Gidan Madugu

Wannan makon layi ya zo kaina, kuma tarihi na kawo muku, sai dai ba na sarakuna ba ne, na gidanmu ne. Ba za ku ga sunan kowa daga danginmu a ciki ba. Sharaɗin da aka gindaya mini ke nan kafin a bar ni in rubuta, in kun yi nisa da karatu za ku ga dalili.

Kowane tsohon gida a ƙasar Hausa tarihi biyu gare shi. Akwai na zaure, wanda maza ke bayarwa in an yi baƙo ko an zo binciken aure. Akwai kuma na tsakar gida, wanda ke hannun tsofaffin mata, ba ya fitowa sai an iya tambaya. Na zaure gajere ne, ya yi sumul saboda yawan maimaitawa. Kusan kullum daga Gabas aka fito, ko daga Barno, ko kuma kakan kaka malami ne da ya bi Shehu. Ban taɓa jin gidan da ya ce kakansu ɗan dako ne ba, alhali kowa ya san dole wani ne ya ɗauki kayan.

Namu na zaure shi ne: mu jikokin madugu ne. Gidanmu yana cikin birnin Kano, ba nisa da kasuwar Kurmi, kuma har gobe in ka ce gidan Madugu yaran unguwa za su kawo ka ƙofa. Ana cewa kakan kakana shi ke jan ayari zuwa Gwanja. Akwai wani tsohon takobi da ake fito da shi a nuna wa yara. Akwai kuma labarin kada: wai wata shekara a wurin fito, jirgi ya kife da shi a tsakiyar Kwara, kada ya turo shi har gaɓa bai taɓa lafiyarsa ba, shi ne ya yi alkawarin zuriyarsa ba za su kashe kada ba, ba za su ci namansa ba, ba za su riƙe abin da aka yi da fatarsa ba. Da wannan muka tashi. Ƙanwata ko jakar da aka yi wa zanen fatar kada ba ta ratayawa.

Bari mu fara duba mene ne ma fataucin Gwanja, don yawancinmu sunan kawai muka gada. Hanyar tsohuwa ce ƙwarai, littafin tarihin sarakunan Kano ya ambaci buɗe ta tun zamanin Sarki Abdullahi Burja, a ƙarni na 15. Abin mamaki kuma, goro ba ya yi a Gwanja. A kurmin ƙasar Asante yake, can kudu. Sarakunan Kumasi ne ba su yarda fatake su kutsa kurmi su saya da kansu ba, sai suka tsayar musu da kasuwa a Salaga, cikin ƙasar Gwanja da ke arewacin Gana ta yau. Bahaushe kuwa ya laƙaba wa goro sunan inda ya same shi.

Daga Kano ayari kan nufi yamma, ya haye Kwara a wajen Yawuri ko Busa (tsohuwar Busa tana ƙarƙashin ruwan Kainji tun 1968), ya ratsa ƙasar Bargu ta Nikki da Jugu, ya biya Sansanin Mango da Yandi, sannan Salaga. Zuwa da dawowa kan ci wata shida, wani lokaci har shekara. Ana tafiya da kanwa da turkuɗi da baƙin Kura da jan kirgi da busasshiyar albasa da dawaki, a komo da goro. Ayarin ma gari ne guda mai tafiya. A 1826 Baturen nan Kilafaton ya gamu da wani a Kayama yana dawowa daga Gwanja, ya ƙiyasta mutanensa sun haura dubu, maza da mata, dabbobin ma kusan haka. Goro kuma kaya ne mai shagwaɓa. Sai an riƙa kwance huhu a hanya, a tsince wanda sankara ta ci, a sake ganye, a yayyafa ruwa, in ba haka ba mutum ya iso Kano da asara a kan jaki.

Madugu shi ne sarkin wannan gari mai tafiya. Shi ke cinikin garama da kowane sarkin da za a ratsa ƙasarsa, shi ke sasanta kuɗin fito, shi ke zaɓen zango, shi ke raba gardama. Yana da jagaba mai shigewa gaba, da malamin ayari mai duba ranar tashi, da makaɗa. Manyan wannan sana'a a Kano sanannu ne, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, kuma daga cikin Agalawa Alhassan Ɗantata ya fito. Wato madugu ba ƙaramin mutum ba ne, ba ya ɓuya, kuma in ya mutu dukiyarsa ba ta ɓuya.

To, damina biyu da suka wuce ruwa ya cinye azarar wani tsohon ɗaki a gidanmu, aka fitar da kayan ciki don gyara. A ƙasan wata adaka aka sami gafaka, cike da warwatsattsun takardun Alƙur'ani da na addu'o'i. Guda ɗaya ta bambanta da sauran, na kai wa limamin unguwarmu ya karanta mini, don da Larabci take. Takardar rabon gadon Madugu ce.

Abin da ya bari: ɗakuna uku a wani gida da ya haɗa da ɗan'uwansa, jakuna huɗu, takobi, 'yan riguna, da bashin da ake bin sa wanda sai da aka sayar da jaki ɗaya aka biya. Shi ke nan. Liman ya ɗago kai ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, "Malam, wannan madugun naku dai bai tara ba."

Na ɗauki maganar na kai wa Hajiya Kaka, ƙanwar kakana, wadda ita kaɗai ta rage a sahunsu, ta haura tamanin amma kanta garau. Da na gama bayani sai ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce, "Kai mijin nan nawa da tone-tone kake. Wane madugu? Ai tsokana ce ta bi shi." Ga yadda ta ji daga manya. Wata shekara 'yan fashin Bargu, waɗanda duk fatake ke tsoro, suka fāɗa wa ayari da asuba, kowa ya yi ta kansa. Kakan namu ya tsinci kansa a daji da mutum shida da 'yan jakuna, ya buga ƙirji ya ce ya san hanya, su biyo shi. Kwana huɗu suna bin sa, ga yunwa ga ƙaya, ran na biyar suka hango hayaƙi suka yi hamdala. Da suka matsa sai ga su a zangon da aka tarwatsa su. Tun daga ranar abokan tafiya ke ce masa Madugu, har sunansa na yanka ya ɓace. Waɗanda suka san wasan suka mutu, laƙabin ya rage, jikoki suka ɗauke shi da gaske.

Ni dai wannan Madugun ya fi mini wancan na zaure daɗi nesa ba kusa ba. Wancan gunki ne, wannan kuwa mutum ne, har ina jin muryarsa yana cewa saura kaɗan, bayan dutsen can ne.

Da a nan takardar ta tsaya, da labarin ban dariya na kawo muku. Amma akwai sauran layuka. Matan aure biyu aka rubuta, suka raba tumuninsu. 'Ya'ya maza uku, mata biyu, kowa da rabonsa. Na ukun a maza shi ne mahaifin kakana, rabonsa daidai da na yayyensa, ba a rage masa ko wuri ba. Sai dai uwarsa ba ta cikin matan nan biyu. A ƙarshen takardar aka ambace ta da kalmar da liman ya fassara mini da uwar ɗa, wato baiwar da ta haifa wa ubangijinta, aka shaida cewa mutuwarsa ta 'yanta ta. Ba ta gaji komai ba.

Da na kawo wannan, Hajiya Kaka ba ta yi dariya ba. Ta yi shiru, ta gyara lulluɓi, sannan ta ce, "Wannan da ba a ba komai ba, ita ta goye ni."

Kowa a gidan Tsohuwa yake ce mata. Gajeriya ce, da tsage a fuska irin wanda babu mai shi a unguwar, kuma har ta mutu akwai wani ɗan karkacewa a Hausarta. Sunan da take amsawa irin wanda ake sa wa bayi ne, masu kama da godiya ko addu'a. Ba ta cika ba da labarin kanta ba, sai jefi-jefi in tana tsifar kan jikokinta. Abin da Hajiya Kaka ta tattara daga waɗannan gutsattsarin shi ne, tana yarinya, haƙoran girma ba su gama fito mata ba, sun fita tsintar 'ya'yan kaɗanya da uwarta sai mahaya suka zagaye su. Aka ɗaure su aka yi ta tafiya. An raba ta da uwar a wani gari mai rijiyoyi da yawa, inda aka yi musu wanka aka shafe su da man kaɗe kafin a fitar da su kasuwa. Mahayan kuma, in ji ta, Zabarmawa ne.

Duk wanda ya karanta tarihin arewacin Gana zai gane wurin nan take. Garin rijiyoyi Salaga ne, har yau ana kai baƙi su ga rijiyoyin da wuraren da ake wanke bayi. Zabarmawan kuma mutanen Babatu ne. Sun shigo ƙasar Dagwamba a wajen shekarun 1860, masu sayar da dawaki da sojan haya, ƙarƙashin Alfa Hano, bayansa Gazari, sannan Babatu. Daga nan suka juya kan ƙabilun da ake haɗawa a kira Gurunshi, irin su Kasena da Sisala da Bulsa, mutanen da ba su da babbar daula ko rundunar dawaki. Shekaru suna kai musu hari suna kwasar mutane, har Turawan Faransa da na Ingila suka kore su a ƙarshen shekarun 1890. Babatu ya ƙare rayuwarsa a Yandi a 1907. Mutanen Bulsa na Sandema har yanzu suna bikin Feok duk ƙarshen shekara, suna tuna ranar da suka kora shi. Kuma ku ji wannan, 'yan uwa marubuta: ɗaya daga cikin manyan hanyoyin da duniya ta san labarin waɗannan yaƙe-yaƙe rubutun ajamin Hausa ne, na wani Malam Abu, wanda ya rubuta a wajen 1914. Da harshenmu aka adana labarin, mu kuwa ba ma karanta shi.

Me ya kai mai jaki huɗu sayen baiwa? Lokacin ne ya zo da haka. A 1874 sojan Ingila suka ƙone Kumasi, Gwanja ta yi wa Asante tawaye, Asante kuma ta karkatar da goronta zuwa wasu kasuwanni irin su Kintampo. Goro ya yi ƙaranci a Salaga daidai lokacin da kamammun Zabarmawa suka cika ta, mutum ya yi araha. Fatake sukan sayi bawa ya ɗauko musu kaya zuwa gida, in an iso a sayar da shi a ci riba biyu. A haka Tsohuwa ta zo Kano, a ƙasa, da kaya a ka, tun daga Salaga. Hakan kuma ya faru ne kafin 1892, shekarar da yaƙin basasar sarauta ya tarwatsa Salaga, 'yan kasuwa da malamai suka watse, ciki har da Alhaji Umaru, Bakanon malami kuma mawaƙin nan da ya koma Kete-Karachi ya zauna har rasuwarsa a 1934.

Madugu bai sayar da ita ba. Ya bar ta tana yi wa uwargida aiki, da ta tasa ya sa ta a ɗaka. Ta haifi ɗanta bayan basasar Tukur da Yusufawa, kafin Turawa su ci Kano a 1903. Ba zan yi wa wannan ado ba. Mutumin nan mai ban dariya da ya ɓatar da abokansa a dajin Bargu, shi ne kuma ya sayi yarinyar da aka raba da uwarta, ya ɗora mata kaya, ya tasa ta gaba wata da watanni. Mutum ɗaya ne. Shari'ar zamaninsa ta halatta masa, maƙwabtansa ba su ga aibinsa ba, kuma duk wannan bai rage wa yarinyar nisan hanya ko da taki ɗaya ba.

Dokar Lugga ta 1901 ta ce duk ɗan da aka haifa daga watan Afrilun shekarar ɗa ne, ta hana saye da sayar da mutane, amma ba ta kwance waɗanda ke hannu ba. Sai 1936 aka soke bautar ɗungurungum a Arewa. Ita Tsohuwa ba dokar Bature ce ta 'yanta ta ba, mutuwar Madugu ce. Hajiya Kaka ta ce a shekarar babbar yunwa ya rasu, wadda ake kira Kakalaba, wato wajen 1914. Ku dubi halin da aka bar ta: ba gado, ba dangi, ba garin komawa, ga yunwa a gari, ga ɗa saurayi da rabonsa bai wuce jaki da 'yan tsummoki ba.

Daga nan ne labarin ya juya ta inda ban zata ba. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga 1912 kuma gyaɗa ta zama kuɗi. Tsohuwa ta roƙi a bar mata wani rufaffen ɗaki a bayan gida, ta fara suyar gyaɗa tana matsar mai tana ƙuli-ƙuli. Hannun da ya saba da man kaɗe tun yarinta bai sha wuya da gyaɗa ba. Ta haɗa da daddawa, wadda aka ce har daga wasu unguwanni ake aiko yara saye don ƙamshinta dabam ne. Ta shiga adashi, ta sayi tumaki ta ba da kiwo a ƙauye. A lokacin fataucin ƙasa ya mutu, goro ya koma bin teku daga Ankara ta Gana zuwa Ikko, daga can jirgin ƙasa ya kawo shi Kano cikin 'yan kwanaki. Ita ta haɗa wa ɗanta jarin da ya fara sarin goro a tasha. Da ya yi ƙarfi, kuɗinsa da nata aka haɗa aka sayi gidan da muke ciki yanzu. Madugu bai taɓa kwana a cikinsa ba. Sunansa kawai aka ɗauko daga tsohon gida aka liƙa a sabo, tare da takobin.

Wato gidan Madugu, in za a bi gaskiyar wanda ya biya, gidan Tsohuwa ne. Har matar uban da ta yi wa bauta, uwargidan Madugu, a nan ta ƙare kwanakinta da 'ya'yanta suka kasa riƙe ta, Tsohuwa ce ke aika mata da tuwo. Na tambayi Hajiya Kaka ko tausayi ne ko kuwa wata irin ramuwa ce. Ta ce, "Oho, ita dai ba ta taɓa fashin aikawa ba, kuma ba ta taɓa kai mata da hannunta ba."

Saura kada. Na ce wa Hajiya Kaka, to shi labarin Kwara fa? Ta ce ita ba ta taɓa jin sa a bakin Tsohuwa ba, a bakin maza ta ji shi, kuma bayan ta girma. Abin da ta sani, Tsohuwa ce ke hana su. In mai maganin gargajiya ya shigo unguwa da ƙaramin kada a ɗaure yana wasa da shi, sai ta shige ɗaki ta rufe, ranar ba ta da walwala. Takan ce a garinsu akwai tafki, kadojin cikinsa dangi ne, yara na wanka kusa da su, in ɗaya ya mutu binne shi ake yi kamar mutum. Sai na bi sauran rassan zuriyar Madugu, jikokin matan aurensa biyu, na tambaye su. Ba su san wani hani game da kada ba. Wani ma dariya ya yi ya nuna mini takalminsa. Da alkawarin Madugu ne, da duk 'ya'yansa sun gaje shi. Reshenmu kaɗai ke riƙe da shi, reshen Tsohuwa. A ƙasar Kasena kuwa, a garin Paga da ke kan iyakar Gana da Burkina Faso, har yau akwai tafkunan da ake girmama kadojinsu haka, ba a kashe su, ba a cin su. A ganina, abu ɗaya da yarinyar nan ta iso Kano da shi wanda ba na ubangijinta ba ne shi ne wannan hani. Ta dasa shi a cikin 'ya'yanta, maza suka ga ba za su iya cire shi ba, sai suka ɗinka masa labarin da zai shiga zaure.

Da maganar ta bazu a gida cewa ina son rubutawa, Baffa, yayan mahaifina, ya sa aka kira ni. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Ɗan nan, yawan tone-tone kaza ke tono wuƙar yanka ta. Kana da ƙanne mata ba su yi aure ba. Ka san mutanenmu, in an zo bincike wani maƙiyi kalma ɗaya zai jefa." Na ce, "Allah ya ƙara girma, ai ɗa ubansa yake bi, kuma gidajen sarauta nawa ne sarakunansu 'ya'yan ƙwaraƙwarai ne, ba wanda ya ce musu komai?" Ya ce, "Su sarakuna ne. Kai ɗan wa ye?"

Ban raina maganarsa ba, don gaskiya ce. Shekara kusan casa'in da soke bauta, har yanzu kalmar bawa tana iya rushe baiko a wasu gidaje, kuma ba a kan Baffa ko ni abin zai faɗa ba, a kan 'yan mata ne. Amma akwai abin da ya tsaya mini a wuya. Mun yarda a san mu da mutumin da ya saya, har muna ƙara masa rawanin da bai naɗa ba, matar da aka saya kuwa, wadda guminta ne rufin da ke kanmu, ita ce abin ɓoyo. Hajiya Kaka ce ta raba gardamar. Ta ce wa Baffa, "Kai ba ka san ta ba, ni na san ta. A rubuta. A cire sunaye saboda yaran, amma a rubuta." Baffa bai ce ya yarda ba, bai kuma sake kirana ba.

Irin wannan labari ba baƙo ba ne a rubutunmu, mu ne muka yi nisa da shi. Tun 1885 aka buga labarin Dorugu, yaron da aka kama a ƙasar Damagaram, ya bi Barth har Ingila, ya ba da tarihinsa da Hausa. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, cikin littattafan gasar 1933, kan bauta da rabuwar uwa da ɗa aka gina shi. Baba ta Karo ta zauna da Mary Smith a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950 ta ba da labarin rinji da harin bayi da fansa kamar yadda ta gani, littafin ya fito a 1954. Mu kuwa in mun tashi rubuta labarin da, sai yarima da gimbiya da wata masarautar da ba ta taɓa wanzuwa ba, alhali tsohuwar da ke ɗakin bayan gidanmu tana riƙe da abin da ya fi wannan. Kuma in za ku tambaye ta, kada ku ce ta ba ku tarihi, za ta tura ku wurin maza. Ku tambaye ta me ya sa ba a cin kaza a gidan, wa ya fara sana'ar kaza, waƙar wa take yi wa jarirai. Kada ku nemi shekara da lamba, ku nemi wane sarki ke kan gado, wace yunwa aka yi, jirgi ya zo ko bai zo ba. Lambar ku za ku nemo ta daga baya.

Abu na ƙarshe da Hajiya Kaka ta ba ni, da idonta ta gan shi. Bayan yaƙin Hitila, tana 'yar talla, sojojin da suka je Bama suka dawo. A yaƙin nan sojan Najeriya da na Gana tare suka yi, kuma Hausa ce harshen bariki, don haka wasu 'yan can suka biyo abokansu Kano neman aiki. Wata rana tana tallan ƙuli-ƙuli a Fagge sai ta ga wani mai gadin kanti, tsohon soja, da tsage irin na Tsohuwa sak. Da ta koma gida ta faɗa, a matsayin abin dariya. Tsohuwa ta ajiye abin da ke hannunta ta ce gobe a kira mata shi.

Ya zo da la'asar, aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, ita ta zauna daga bakin ƙofar ciki. Ya gaishe ta da Hausa ta amsa. Sai ya faɗi wata kalma da wani harshe. Ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta mayar masa, da ƙyar, kamar mai taka ƙaya. Kafin magariba maganar ta kwance mata, tana yi tana nuni da hannu, yara sun cika soro suna kallo, don ba wanda ya taɓa jin wannan harshe a bakinta, har ɗan da ta haifa. Mutumin ya ce shi daga wajen Nabarango yake. Sunan ya zauna a kan Hajiya Kaka shekara kusan tamanin saboda daɗin faɗi, har suna sa shi a waƙar gaɗa. Na duba taswira: Navrongo, ƙasar Kasena, kudu kaɗan da Paga.

Da zai tafi ta ba shi kwalbar man gyaɗa da daddawa cikin ganye. Ɗanta, wanda a lokacin yana da halin biyan kuɗin jirgi da mota, ya durƙusa ya ce in tana so zai kai ta ta ga garin. Ta ce wa za ta tarar? Daren nan ba ta ci tuwo ba. Mai gadin ya riƙa zuwa duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci, kusan shekara biyu, har aka sauya masa wurin aiki. Ita kuma ta rasu a shekarar da Sarki Alhaji ya rasu, 1953, a ɗakin nan da ruwa ya cinye azararsa.